Motar da aka ƙera don kwandon ƙwai: basira ce ko ƙaranta?

Injiniya_Zariya:
Assalamu alaikum iyaye da yayyen wannan zaure. Kwana uku ke nan ina duba zanen wata tsohuwar motar Faransa, Citroën 2CV, abin ya tsaya mini a rai har na ga gara in kawo shi nan, tunda a cikinmu akwai waɗanda suka taɓa ta da hannunsu.

A 1934 kamfanin Citroën ya durƙushe, masu yin tayar Michelin suka karɓe shi. Pierre Boulanger, wanda aikin ya koma hannunsa, ya dubi ƙauyukan Faransa ya ga har lokacin manomi da doki da amalanke yake kai kaya kasuwa. A 1936 ya gindaya wa injiniyoyinsa sharaɗi: yana son mota da za ta ɗauki mutum huɗu da kilo 50 na amfanin gona, ta sha kamar lita 3 a kilomita 100, kuma ta ratsa gonar da aka yi wa huɗa da kwandon ƙwai a cikinta, ko ɗaya kada ya fashe. André Lefèbvre ne ya ja ragamar aikin. A 1939 an haɗa guda 250 ana shirin nuna wa duniya, sai yaƙi ya ɓarke. Aka ɓoye wasu don kada sojan Jamus su gani, har uku daga ciki sai a 1994 aka gano su a saman wani tsohon gini a La Ferté-Vidame. Sai ranar 7 ga Oktoba 1948 aka yaye mata mayafi a baje kolin motoci na Paris.

Abin da jama'a suka gani ran nan: inji mai silinda biyu, cc 375, ƙarfin doki 9, iyakar gudu kilomita 65 a awa, nauyi wajen kilo 500, rufin tamfol, launi toka-toka kawai. 'Yan jarida suka yi ta yi mata dariya. Amma sai da aka ƙera ta har 1990.

Ra'ayina shi ne, ƙera irin wannan mota ya fi ƙera ta masu kuɗi wuya. Wanda aka sakar wa kuɗi, duk matsalar da ta taso sai ya ƙara wani ƙarfe. Waɗannan kuwa an hana su ƙarawa, dole kowane ƙarfe ya yi aiki biyu ko a cire shi. Me kuka gani?

Direban Funtuwa:
Wa alaikumus salam. Injiniya, na karanta, amma araha ba ta ado. Ƙarfin doki 9 fa ka ce. Shekarata 26 a kan titi, na san abin da ake nufi da mota ta kasa wuce babbar mota a kan hawa. Wannan ai talauci ne na bayan yaƙi ya sa suka yi ta haka, babu ƙarfe babu mai. Don mutum ya yi maneji ba za a ce ya yi basira ba.

Baba Bakanike Damagaram:
Salamu alaikum. Yaro na ne ya karanta mini wannan magana, na ce ya ba ni wayar. Ni na koyi aiki a garaji lokacin da wannan mota take yawo a garuruwanmu na Nijar. Do shabo muke ce mata, yadda Faransawa ke faɗi, wato dawaki biyu. Kuma dawakin nan na lissafin haraji ne, ba ƙarfin injin ba.

Ɗana direba, maganarka akwai gaskiya, ba ta da gudu. Amma ka tambayi duk wanda ya yi aiki a ƙasa mai zafi, me ya fi kashe inji? Ruwa. Lagireto ya huje, tiyo ya fashe, fanbel ya tsinke, gaskit ya ƙone. To wannan mota ba ta da ko ɗaya a cikinsu da zai kashe ta. Iska ke sanyaya ta. Fankar a bakin kuranshaf take ɗaure kai tsaye, inji na juyawa tana juyawa, yana ƙara wuta tana ƙara iska. Bayan fankar akwai ɗan ƙaramin abin sanyaya baƙin mai. Kan silinda kuma babu gaskit, an goge ƙarfe da ƙarfe ne har suka zauna daram. Abin da babu shi ai ba ya lalacewa. Kana iya take ta har ƙasa tun safe har azahar a watan Afrilu, tana kuka amma tana tafiya.

Injiniya_Zariya:
Allah ya ƙara lafiya Baba, irinku nake jira. Injin nan Walter Becchia ne ya zana shi, bayan an watsar da na farko mai amfani da ruwa. Kuma shi ne ya saka mata giya huɗu alhali Boulanger uku ya so, don yana ganin huɗu ta yi wa manomi yawa. A lokacin ƙananan motoci da yawa uku suke da ita. Da ƙaramin inji irin wannan, giya ta huɗu ita ce ta ba shi damar numfashi a kan doguwar hanya.

Baba, don Allah ka yi mana bayanin wutarta. Na ga a zane babu distirbuta, wato abin da ke raba wa filogi wuta.

Baba Bakanike Damagaram:
Babu. Kwal ɗaya ce mai baki biyu, waya ɗaya ta tafi filogin dama, ɗaya ta tafi na hagu. Duk lokacin da kwantak ya buɗe, filogi biyun suna ba da wuta tare. Ɗaya ya tarar da mai ya kunna, ɗayan ya tarar da hayaƙi yana fita, wutarsa ta tafi a banza, ba ta ɓata komai. Shi ke nan an huta da hular distirbuta da ke tsagewa ko ta sha raɓa.

Akwai kuma wani abu da yara da yawa ba su gane ba. Fistin biyun suna kwance ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, tare suke fita tare suke komowa. In sun komo sai su matse iskar da ke cikin inji. To a wuyan da ake zuba baƙin mai akwai wata roba mai barin iska ta fita amma ba ta barin ta koma. Saboda haka cikin injin kullum yana ɗan tsotsa ne, ba ya turowa, shi ya sa ba ya yoyon mai. Ranar da ka ga do shabo tana zubar da mai ta ko'ina, kafin ka kwance komai duba wannan roba.

Maman Ikram:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba bakanikiya ba ce, ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da nake gani a ɗakin haɗari shi zan faɗa. Mota mai kilo 500 da gwangwani siriri da rufin tamfol, in ta haɗu da wata, wanda ke ciki ba shi da abin da zai tsaya tsakaninsa da ƙarfe. An kiyaye ƙwai, to mutum fa? Ina jin daɗin bayanin Baba ƙwarai, amma kada mu yabi abu mu manta da wannan. Ƙofofin gabanta ma na ga ta baya aka ɗaure su, suna buɗewa ta gaba.

Injiniya_Zariya:
Gaskiya ne Hajiya, haka ƙofofin suke har 1964 kafin a juya su. Kuma ba zan yi musu ba, da ma'aunin yau ba za ta ci jarrabawar karo ba. Yana cikin dalilan da suka kawo ƙarshenta, tare da dokokin hayaƙi. Abin da kawai zan ce, a 1948 wanda ya saye ta ba daga wata mota mai tsaro ya sauko ba, daga amalanke ko keke ya hau. Kuma da farko da take wuyar samu, har mutum ya yi shekaru yana jiran layi, waɗanda aka fara ba wa su ne likitocin ƙauye, ungozomomi, likitocin dabbobi da ƙananan manoma. A 1949 guda 876 kacal aka yi, har ta hannu ta fi sabuwa tsada don ba sai ka jira ba.

Maman Ikram:
To wannan na ungozoma ya taɓa ni. Na san abin da ake nufi da mace tana naƙuda a ƙauye da damina, hanya ta yanke. In akwai abin da zai kai ma'aikaciya wurin cikin dare, ya ceci rai. Amma ina nan kan bakana game da karo.

Ɗan Maraɗi:
Mahaifina mushe ne, wato malamin makaranta, yana koyarwa a lakwal, ya riƙe irin wannan mota muna yara. Abin da ba na mantawa shi ne yadda take kwanciya a kwana. Wallahi sai ka ga kamar hannun ƙofa zai taɓa ƙasa, mahaifiyarmu ta yi ta salati, amma tayoyin ba sa barin ƙasa. In mun je ƙauye kuma sai a ciro kujerun a ajiye a gindin bishiya a zauna, don bututun ƙarfe ne kawai da robobi da aka ɗaure aka shimfiɗa yadi. Ran da aka sayo ƙofar ɗaki daga kasuwa, naɗe tamfol ɗin aka yi aka tsayar da ita a ciki.

Baba Bakanike, me ke sa ta kwanta haka amma ba ta kifewa?

Baba Bakanike Damagaram:
Yawwa ɗana, nan ne zancen yake. Duk abin da na faɗa a kan inji ƙarami ne a kan wannan.

Leƙa ƙarƙashinta. Kowace taya tana kan dogon hannu guda, na gaba ya miƙa gaba, na baya ya miƙa baya. Ba za ka ga sifirin a tsaye kusa da taya ba kamar sauran motoci. A kowane gefe, ƙarƙashin ƙofofi, akwai wani gwangwani dogo a kwance, cikinsa sifirin biyu, ɗaya na tayar gaba ɗaya na tayar baya, kowanne da sandar da ke jan sa. Shi kansa gwangwanin ba a ɗaure shi tamau ba, yana ɗan motsawa gaba da baya. To in tayar gaba ta hau tudu, sai ta ja gwangwanin, shi kuma ya ja hannun baya ya danna tayar baya ƙasa. Kafin bayan motar ya iso tudun ya riga ya ɗago. Gaba na gaya wa baya abin da ke tafe. Shi ya sa ba ta yin sukuwa irin ta jaki a kan gargada, sai dai ta yi lilo kamar kwalekwale.

Sannan a jikin kowace taya, a tsofaffin, akwai wani ɗan bututu a tsaye, ciki da ƙarfe mai nauyi zaune a kan sifirin. In taya ta yi tsalle sama, nauyin ya yi ƙasa, sai ya mayar da ita. Aikinsa kawai ya manne taya da ƙasa.

Kifewa kuwa, ina nauyin yake? Injin a kwance yake can ƙasa, giyabos a ƙasa, sifirin a ƙasa, sama kuma tamfol ne. Jikin na iya karkata yadda ya ga dama, nauyin bai tashi ba. Ga tayoyin Michelin sirara masu riƙe ƙasa. Shi ke nan.

Injiniya_Zariya:
Baba, wallahi ka fi littafin da nake karantawa fayyacewa. In ƙara abu ɗaya: birkin gaba ba a cikin taya yake ba, a jikin giyabos aka ɗaura shi. Wannan ya rage wa taya nauyi, sai ta fi saurin bin ramuka. Sitiyarin ma a cikin bututun da ke riƙe hannayen gaba aka ɓoye shi, ƙura da taɓo ba sa kai masa. Bututu ɗaya, aiki biyu. Irin abin da nake nufi ke nan tun farko.

Direban Funtuwa:
To na ji, kuma na sara wa Baba. Amma ku ba ni amsar wannan. In har ta kai yadda kuke faɗa, me ya sa a Najeriya ba ta kama ba? Mu Peugeot muka sani, 404 da 504, har aka buɗe masana'antarsu a Kaduna a 1975. Volkswagen ma a lokacin ana haɗa Beetle a Legas, ita ma iska ke sanyaya ta. Ɗan kasuwa ba wawa ba ne, abin da zai ɗauki fasinja da buhuna ya yi Kano zuwa Legas shi yake saya.

Kuma Baba, tsakani da Allah, duk gyaranta ne mai sauƙi?

Baba Bakanike Damagaram:
A'a, ba duka ba, kuma ba zan rufe maka ba. Kwantak ɗin yana bayan fanka, sai ka cire fanka kafin ka kai gare shi, aikin da a wata mota buɗe hula kawai za ka yi. Birkin da Injiniya ya yaba, canza takalminsa aiki ne, don wurin a matse yake. Kuranshaf ɗin kuma a masana'anta aka haɗa shi da sandunan fistin, an sanyaya ƙarfe ya tsuke aka cusa, ya zama abu guda. Ba a kwance shi a garaji a kai wa mai walƙiya ko mai gogewa, in ya tafi sai dai a sa wani. Fil ɗin da tayar gaba ke juyawa a kai yana son giris akai-akai, wanda ya yi sakaci zai ji sitiyari na rawa. Ƙasan motar kuma tsatsa na cin sa a inda ake ruwa da yawa, mu dai nan busasshiyar ƙasa ta taimake mu.

Amma abin da ke tsayar da mutum a daji, shi suka rage. Wannan ne bambancin. Aikin wuya a garaji ake yin sa, a inuwa.

Zancen Peugeot kuwa, ai ba aikinsu ɗaya ba. Ko a nan Nijar a wancan lokacin 404 ce motar haya. Do shabo ta mutum ɗaya ce da iyalinsa, ko ma'aikacin da ke zaga ƙauyuka. Kuma mota tana bin inda dillalinta da kayan gyaranta suke, ita ta fi yawa a ƙasashen da Faransa ta mulka.

Auta_Kn:
Ni dai tambaya gare ni yayye. Na ga hoton cikinta, ban ga sandar giya a ƙasa ba.

Ɗan Maraɗi:
Ƙanena, daga cikin dashbod take fitowa, kamar mariƙin lema. Turawa ake yi, a jawo, a murɗa. Giya ta ɗaya da ribas suna layi ɗaya, saboda haka in ka kafe a yashi sai ka yi ta gaba da baya da sauri har ta fita. Kuma da yake injin yana kan tayoyin da ke ja, ga ta ba nauyi, mutum biyu sun isa su tura ta. Na sha ganin haka a hanyar garinmu.

Injiniya_Zariya:
Tunda an zo yashi: a 1973 Citroën ta shirya wata tafiya da ake kira Raid Afrique, motoci 60 irin wannan suka tashi daga Abidjan zuwa Tunis, wajen kilomita 8,000, suka ratsa hamadar Tenere a Nijar. Akwai kuma wadda suka kira Sahara, mai inji biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kowanne da giyabos ɗinsa, amma sandar giya ɗaya, totur ɗaya, kuloci ɗaya. Kana so ka tafi da inji ɗaya, kana so ka kunna biyun ta zama mai jan taya huɗu. Guda 694 aka yi.

Auta, wani abin da zai ba ka mamaki: a na farko-farko waifa ba ta da mota ta kanta, wayar da ke juya allurar gudu ita ke kaɗa ta. Kana gudu tana sauri, ka tsaya ta tsaya, sai ka murɗa da hannu. Ma'aunin mai kuma sanda ce ake tsomawa a tanki. Gilashin ƙofa ba ya sauka, rabinsa na ƙasa ake ɗagawa sama a maƙale.

Direban Funtuwa:
To ka gani, wannan na waifa ai shi ne maganata. Ruwa na zuba kana cikin cunkoso, gilashi ya rufe. Wannan ƙaranta ce, ko me za a kira ta.

Injiniya_Zariya:
A nan na ba ka gaskiya Yaya, su ma sun gane, daga baya suka sa ta lantarki. Ƙarfin ma sun yi ta ƙarawa, cc 425 a 1954, daga baya 602, har ta kai ƙarfin doki 29 da gudun kusan 115. Lita 3 ɗin da aka nema ma ba ta cika ba, ta fi zama tsakanin 4 da 5. Amma ka lura da abin da suka canza da abin da suka bari. Waifa, ƙofa, murfin but, fitilu, duk an taɓa. Tsarin ƙafafun da kwanciyar injin kuwa suna nan tun daga 1948 har ranar 27 ga Yuli 1990 da ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Mangualde a Fotugal. Sama da miliyan 3.8 aka yi, in ka haɗa da masu ɗaukar kaya sun haura miliyan 5. Inda suka tsuke hannu don kuɗi, lokaci ya gyara. Inda suka zauna suka yi tunani, shekara 42 ba a sami abin gyarawa ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, mu da muke da hanyoyin da suka fi na Faransa ta 1936 wuya, wa ya taɓa zama ya rubuta irin wannan sharaɗi don manomin Giwa ko na Matamai? Muna karɓar motocin da aka zana don wasu tituna, in wata na'ura ta ɗauke sai an nemo mai kwamfuta.

Ɗan Maraɗi:
An taɓa gwadawa a Afirka ta Yamma fa. A Abidjan tun 1963 aka fara yin wata da ake kira Baby Brousse, ƙasanta da injinta na dangin do shabo ne, jikin kuma farantin ƙarfe ne aka lanƙwasa aka ɗaure da noti, don a iya yin sa ba tare da manyan injinan matse ƙarfe ba.

Maman Ikram:
In za a sake irin wannan tunani yau, ni dai roƙona a rubuta ran mutum a layin farko na sharaɗin, kafin buhu da kwandon ƙwai. Bel ɗin kujera, da ƙarfen da zai kare wanda ke ciki, da wurin da za a kwantar da mara lafiya. Injiniya, ku ne masu zane, ku riƙe wannan.

Injiniya_Zariya:
Na riƙe Hajiya, kuma zai ƙara nauyi, nauyi kuma zai nemi inji babba, nan lissafin zai sake tashi daga farko. Zan zauna in gwada shi a takarda in kawo muku.

Auta_Kn:
Baba, wai da gaske ne ana tayar da ita da hannu in batir ya mutu?

Baba Bakanike Damagaram:
Ƙwarai, har na ƙarshenta suna da wannan. Ƙarfen da kake ɗaga jak da shi, kake kwance notin taya da shi, shi ne dai za ka zura ta gaba ya kama bakin fanka. Ka tabbata tana furi, ka ja birkin hannu, ka buɗe makulli, in da sanyin safiya ne ka ja cok. Ka juya a hankali har ka ji ta yi tauri, sannan ka fizgo sama da ƙarfi sau ɗaya. Kada ka danna ƙasa. Babban yatsanka kuma kada ya zagaye ƙarfen, ka ajiye shi gefe ɗaya da sauran yatsun, don in inji ya mayar da bugu ƙarfen ya kuɓuce daga tafinka. Haka maigidana ya koya mini ranar farko, kafin ya bar ni in taɓa sifana.